Bashin da Muryoyi Ke Bin Mu

A farkon watan Satumba na 2021, lokacin da gwamnati ta sa aka rufe layukan waya a faɗin jihar Zamfara saboda 'yan bindiga, ina gida Maradun. Kwana huɗu na yi niyyar yi in duba mahaifina in koma Kaduna bakin aiki, sai hanya ta ƙi, na share kusan wata guda. Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta ce, kuma mai irin wannan sana'a in aka ɗauke masa intanet ya zama maƙerin da ba shi da gawayi. Kullum ina zaune a zaure ina latsa wayar da ba ta da amfani sai haska hanya da dare.

A dare na uku Baba ya gaji da kallona. Ya ce, "Kai, aje wanga abu naka, ɗauko mani kwalin can na ƙalƙashin gado." A cikin kwalin akwai tsohuwar rediyonsa mai kaset, National Panasonic, wadda na ɗauka an daɗe da jefarwa, da kaset-kaset guda 41 a ɗaure da roba. Muka aika aka sayo batir Tiger Head manya. Ya ja eriya, ya shiga murɗa allura a hankali kamar mai neman jijiya, har muryar Kaduna ta fito daga cikin shuuu ɗin nan da duk wanda ya girma a ƙauye ya sani. Da rana tashar ba ta cika kamawa ba, da dare kuwa sai ta zo garau. Ina yaro na ɗauka ma'aikatan ne ke ƙara murya in gari ya yi shiru. Sai da na je jami'a na gane cewa matsakaicin zango ya fi yin nisa bayan faɗuwar rana, saboda wani sashe na sararin sama da ke shanye shi da rana yana janyewa da dare, sai sautin ya riƙa dawowa ƙasa a wurare masu nisa.

Kaset-kaset ɗin su ne suka jawo wannan rubutu. Baba ya naɗe su ne daga rediyo tsakanin shekarun 1980 da tsakiyar 1990, ya rubuta a jikin kowane da biro: wannan Samanja, wannan Duniya Budurwar Wawa, wannan Basafce, wannan Zaɓi Sonka. Akwai biyu da ya rubuta wa "London", wato Taɓa Kiɗi Taɓa Karatu na BBC. Sauran duk waƙoƙi ne, akasari na mutanen gida: Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru.

Ga matasan da ba su riski wannan zamani ba, bari in ɗan yi bayani. An buɗe gidan Rediyon Kaduna a 1962, zamanin Sardauna, ya koma ƙarƙashin gwamnatin tarayya a ƙarshen shekarun 1970. Kafin zuwan tashoshin FM barkatai, ita ce muryar da ake ji tun daga Maradun har Maraɗi, har Ghana da Kamaru ga mai gajeren zango. Shirye-shiryenta kuwa gambiza ne. Sunan ɗaya daga cikinsu ma ya isa ya gaya maka tsarin: Jakar Magori, jakar da ba ka san abin da hannu zai zaro ba. A dare guda za ka ji wasan kwaikwayo, ka ji kiɗan kotso, ka ji gaisuwar wani direba daga Gusau zuwa ga ƙanwarsa da aka kai aure Zariya, ka ji sanarwar ɓatan yaro. Ba ka da ikon tsallake ko ɗaya.

A cikin taurarin wancan lokaci ba wanda ya kai Samanja shiga raina. Usman Baba Pategi sunansa, Banufe ne, ya yi aikin soja na gaske, ya kwaso Hausar bariki da Turancin bariki ya haɗa su ya gina mutum guda: samanja mai tsawa ga ƙananan sojoji, mai rawar jiki gaban hafsa, wanda in ya shiga gida iyali su juya shi yadda suke so. Daga baya an gan shi a talabijin, amma mu a Maradun da kunne muka fara saninsa, kuma kowa da irin gashin bakin da ya zana masa a zuciya. Abin da na lura da shi a wannan sauraro na biyu, ina da shekara talatin da ɗoriya, shi ne gwanintar shirunsa. Yakan yi tsawa, ya dakata daidai numfashi guda, sannan ya saki kalmar da za ta kashe ka da dariya. Mai rubuta manhaja ya san darajar abin da aka sa a daidai gurbinsa. Wannan dakatawar ba ta zo da ka ba, aiki ne na shekaru.

Da layuka suka dawo na koma Kaduna da kwalin. Na sayi na'urar kaset ta hannu, na haɗa ta da kwamfuta, na shiga juye su ɗaya bayan ɗaya da manhajar Audacity. Aikin ba ya gaggautuwa: kaset mai minti 90 sai ka ba shi minti 90 ɗinsa, zaren yana tafiya santimita 4.76 a kowace daƙiƙa kamar yadda aka ƙera shi. Shida sun riga sun mutu, zafin bazara da ƙura sun manne zarensu. Wasu sai da na kwance su na ɗinke da salatif, na naɗe da biro. Na gama a cikin wata biyar, sai na zaɓi guda uku na ɗora a YouTube.

Ba a yi mako biyu ba wani da ban sani ba ya sauke su, ya manna hotonsa da sunan tasharsa, ya sake ɗorawa da talla a kai. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na zauna na fara rubuta ƙorafi, na kai wurin da ake tambaya ko ni ne mai haƙƙin abin. A nan hannuna ya tsaya. Ban rubuta wasan ba, ban rera waƙar ba, ban biya kuɗin ɗakin naɗar sauti ba. Abin da na mallaka kawai robar kaset ɗin, ita ma ta Baba ce. Ɓarawo ya yi wa ɓarawo sata kenan, ko kuwa akwai bambanci tsakanina da shi? Idan akwai, ina so in san a ina yake, domin ƙaunar da nake yi wa waɗannan muryoyi ita ce kaɗai hujjata, kuma ban tabbata ƙauna tana wanke hannu ba.

Doka tana da amsarta, mai sauƙi. A dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, waƙa tana hannun magadan mai ita har shekara 70 bayan rasuwarsa, shirin da aka watsa a rediyo kuma yana da shekara 50. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, ke nan sai bayan 2061 waƙoƙinsa za su zama na kowa. Shirin da Baba ya naɗa a 1985 yana da sauran rai har 2035. A idon doka ni da mai tallar nan jirgi ɗaya ya kwaso mu. To amma duk mun san yadda wannan doka take a kasuwa. Je kasuwar Talata Mafara ranar Talata, ka miƙa wa mai turin waƙa katin wayarka, zai cika maka shi da Shata da Ɗanƙwairo da Barmani Choge a kan 'yan canji, kuma ba wanda zai ga an yi laifi. Tambayata ba ta kotu ba ce.

Wani abokin aikina, wanda muka yi karatu tare a Sakkwato, ya ce ina wahalar da kaina a banza. Hujjarsa tana da ƙarfi, ba zan rage mata komai ba. Ya ce kaset yana mutuwa, ka gani da idonka shida sun tafi. Gidajen rediyo a ko'ina cikin duniya sun sha goge tsofaffin faya-fayai su naɗi sabon shiri a kai saboda tsadar zare. BBC kanta ta yi haka a shekarun 1960 da 1970, har akwai sassan wasan Doctor Who da hotonsu ya ɓace, sautinsu kawai ya tsira, shi ma don wasu masu kallo sun naɗa a gidajensu ba da izinin kowa ba. Yau ana gode wa waɗannan mutane. Ya ce mahaifinka irinsu ne, kai kuma kana riƙe da abin da watakila babu kwafinsa a duniya, kana jiran izinin da ba za ka taɓa samu ba. Amfanin jama'a ya fi haƙƙin mutum ɗaya.

Kalmarsa ta ƙarshe ce ta dame ni, kuma dalilin damuwar a ƙofar gidanmu yake. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka gama a 1978, don amfanin jama'a aka gina ta, kuma ba ƙarya ba ne, ana noman rani da ruwanta har yau. Amma gonakin mutane da garuruwansu ruwan ya cinye, tsohon garin Maradun ma sai da aka tashe shi. Da manoma suka tsaya kan sai an biya su diyya, a watan Afrilu na 1980 aka aiko 'yan sanda, aka kashe mutane da dama. Ba ina kwatanta kaset da ran ɗan Adam ba, Allah ya kiyaye. Abin da nake cewa shi ne, ɗan wannan yanki ba ya jin an ce "amfanin jama'a" ya wuce bai tambaya ba: wa aka ɗauki nasa, kuma an tambaye shi? Sau da yawa mai faɗin kalmar shi ne wanda ba a taɓa gonarsa ba.

Ka duba yadda abin yake kafin rediyo. Makaɗin fada yana da ubangida. Gidan su Ɗanƙwairo makaɗan Sarkin Ƙayan Maradun ne tun daga mahaifinsa, kafin sunansa ya kai fadar Sardauna da sauran sarakunan Arewa. Sa'idu Faru, ɗan ƙasar Maradun, ya yi zamaninsa da Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo a Talata Mafara, shekaru da yawa kafin Macciɗo ya zama Sarkin Musulmi a 1996. A wannan tsari komai a fili yake. An yi maka waƙa, ka ba da doki ko riga ko damman hatsi, idon jama'a na kallo, kuma in ka yi rowa akwai zambo yana jiran ka. Ana iya sukar tsarin ta fuskoki da yawa, amma ba wanda zai ce mai jin daɗin waƙa bai san ana bin sa ba. Rediyo ce ta zo ta raba jin daɗi da biya. Ta ɗauki muryar da aka yi don zauren sarki ta kai ta bukkar makiyayi, abin alheri ƙwarai, sai dai ta haifar da miliyoyin iyayen gida da ba su taɓa ba da ko hula ba.

Da na je gida da sallah na faɗa wa Baba wannan tunani, ina jin na gano wani abu. Ya dube ni ya ce, "Wa yac ce maka ba mu biya ba? Kan sarki nawa nis saye? Ku dai mi kunka biya?"

Na daɗe ina juya wannan magana. Ya sa ni na sake sauraron kaset ɗin Zaɓi Sonka da wani kunne. Sunan shirin yana cewa ka zaɓi abin da kake so, amma dubi yadda zaɓin yake. Ka sayi kati ko ka rubuta wasiƙa, ka hau keke ka kai gidan waya, ka jira mako biyu ko uku. In an karanta, waƙar da ka zaɓa ba kai kaɗai za ka ji ba, ka zaɓa wa duk Arewa ne, kuma da sunan wasu ka zaɓa, domin gaisuwa ce. Kafin a zo kan taka kuwa sai ka zauna ka ji ta mutum ashirin da ba ka sani ba, har da waƙar da ba ka ƙauna. A kaset ɗin Baba an karanta sunansa a minti na 34. Bai goge minti 33 na farko ba. Sunayen baƙi ne zalla, daga Funtuwa, daga Kwanni, daga Agege, ya adana su shekara talatin da wani abu tare da nasa.

Wannan biya ne, ko da kuɗin bai shiga aljihun Samanja ba. An biya da lokaci, da haƙurin jin zaɓin wani, da riƙe suna. Baba ya san ranar kowane shiri da sa'arsa, yana sallamar baƙo don kada ya rasa. Ni kuwa, kuma a nan dole in faɗi gaskiya game da sana'ata, aikin da ake biyan irina mu yi shi ne mu kawar da duk wannan wahala. Muna auna daƙiƙa nawa mutum ya tsaya a kan abu kafin ya ture shi da yatsa, mu koya wa na'ura ta kawo masa irin wanda ya tsaya a kai, kada ya jira, kada ya ji zaɓin kowa. Na taɓa yin mako guda ina aikin rage rabin daƙiƙa a buɗewar wani shafi, kuma na yi alfahari da shi. Ban ce aikin banza ba ne. Sai dai mutumin da aka saba masa da haka, in ya ce yana ƙaunar Samanja, me ƙaunar ta ci masa? Ya ga guntun minti ɗaya, ya yi dariya, ya rubuta "Allah sarki, zamanin da", ya wuce.

An ga iyakar irin wannan ƙauna. Karkuzu na Bodara, wanda ya yi tashe a talabijin ta Jos, sai da bidiyonsa ya yaɗu yana tsufa cikin rashin lafiya da rashin muhalli kafin ɗan ƙwallo Ahmed Musa ya saya masa gida. Dubban da suka girma suna dariyar wasansa suna nan da ransu a lokacin, ni ma ina ciki. Da Usman Baba Pategi ya rasu a watan Nuwamba na 2023, shafukan sada zumunta sun cika da hotonsa kwana biyu. Na sa nawa. Ban taɓa aika masa da ko gaisuwa yana raye ba, alhali gari ɗaya muke zaune, Kaduna. Baba da ke Maradun ya fi ni kusa da shi.

Kada kuma a ɗauka ina cewa zamanin da adalci ne zalla. Kaset ɗin da kansa ya ƙaryata haka. Saurari kowace waƙar Ɗanƙwairo: rabin daɗinta na 'yan amshi ne, waɗanda ke karɓe magana daga bakinsa su ƙarasa ta, su yi ƙari, muryoyi su hau juna kamar saƙar tabarma. Mai gabatarwa zai ce ga Alhaji Musa Ɗanƙwairo da jama'arsa. Jama'arsa su wa? Haka matan da suka fito a wasannin kwaikwayo, a lokacin da fitowar mace a rediyo ke jawo mata magana a gari. Baba ya san sunan da suke amsawa a wasa, bai san na yanka ba. Ita kanta rediyon ta gwamnati ce, tana da abin da take faɗa da wanda take haɗiyewa. Innata kuma ta tuna mini cewa akwatin a zaure yake kwana, su a cikin gida sai abin da iska ta tsallako da shi ta kan katanga. Wanda duk zai yi begen wancan zamani ya haɗa da wannan a lissafi.

To ina bambancina da mai tallar? Na yi ta nema, abin da na samu kaɗan ne. Ban ci kuɗi ba, shi ya ci, wannan gaskiya ne, amma rashin cin kuɗi bai mayar da kayan wani nawa ba. Mai kiwon amana ba ya yanka akuyar ya raba sadaka don kawai ba sayarwa ya yi ba. Inda na fi ganin laifina ma ba a ɗorawar ba ne. Na ɗora su ne kamar yadda shi ya ɗora: guntu-guntu, an yanke gaisuwar baƙi, an yanke muryar mai gabatarwa, ba shekara, ba sunan kowa sai na tauraro. Har shuuu ɗin na sa manhaja ta share, ta haɗa da wani kauri na muryar kotso ta tafi da shi. Da na kunna wa Baba wanda na "gyara", bai kai minti ɗaya ba ya ce in mai da masa nashi. Na mayar da abin da aka saurara da haƙuri ya zama abin da ake turewa da yatsa, kuma na kira hakan adanawa.

Abokina yana da gaskiya cewa barin su a kwali kisa ne. Ban yarda da shi ba cewa gaggawa ta ɗauke mini nauyin tambaya. Magadan Ɗanƙwairo ba a wata duniya suke ba, zuriyarsa na nan suna kiɗa, tsakanin Maradun da Bakura tafiyar ƙasa da sa'a guda ce in hanya ta yi kyau. Faru na nan. Gidan rediyon na nan a Kaduna, ina wuce ƙofarsa. Abin da ya hana ni zuwa shi ne danna maɓalli ya fi sallama sauƙi, kuma maɓalli ba ya cewa a'a. Watakila in na je su ce a ɗora, watakila su ce a biya, watakila su ce suna son kwafi kawai don su ma ba su da shi. Ko wanne suka faɗa, su ke da faɗa.

Na sauke guda ukun nan. Na mai tallar suna nan, masu kallo na ƙaruwa, kuma na daina duba adadin don yana tayar mini da abin da ban so. Duka 35 ɗin da suka tsira suna cikin faifan ajiya guda biyu, ɗaya a Kaduna ɗaya a ɗakin Baba, cikakku, da shuuu ɗinsu da gaisuwar mutanen Agege. Na buɗe jadawali a kwamfuta, kowane kaset da layinsa: shiri, shekara in Baba ya tuna, mai gabatarwa, tauraro. Na ƙara gurbi na ƙarshe na rubuta masa "'yan amshi da sauran muryoyi". Har yanzu babu komai a cikinsa.

Baba ya ce akwai wani tsoho a Bakura da ya yi yawon kiɗa a ƙuruciyarsa, in aka kunna masa zai iya rarrabe muryoyin ɗaya bayan ɗaya, in dai kunnensa bai tafi ba. Mun sa ranar zuwa bayan an cire amfanin gona. Ya ce mu fita da hantsi mu dawo kafin la'asar saboda hanya, kuma in taho da batir, don tsohon ba zai yarda ya saurara a waya ba.